Ranar da Mai Kunne Ya Fita Neman Hedifon

Shekara arba'in da 'yan kai Mai Kunne ya yi yana gyaran manyan motoci, kuma ba a taɓa jin ya ce "wataƙila" ba. Shi ba ya fara kwance inji. Sai ya ce wa direba ya tayar, ya ɗauko doguwar sukudirebarsa ya kafa tsininta a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido. Duk wanda ya yi tari a lokacin, ranar sai ya yi da-na-sanin zuwa garejin. Bayan minti ɗaya ya ɗago ya ce fistan na uku ne, ko bawul ne, ko kuma, "Je ka, lafiyarta lau, kai ne ba ka iya tuƙi ba." A buɗe kuwa a tarar haka ne. Daga nan sunan ya bi shi, har matarsa in ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Garejin nasu ne su biyu, shi da ƙaninsa. Ƙanin mutum ne mai sanyin hali, shi ma furfura ta cika masa gemu, amma har gobe "Yaya" yake cewa, kuma har gobe wanke shi yayan yake yi tas a gaban jama'a. Laifinsa guda ne: ya sayo kwamfutar nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

"Kai dai kunnenka na ado ne," in ji Mai Kunne, kusan kullum. "Allah Ya ba ka biyu kyauta, ka tafi ka sayo na roba. In wuta ta ɗauke sai ka zauna kana kallon mota tana kallon ka."

Ƙanin sai ya yi murmushi ya ci gaba da latse-latsensa.

Da wayoyi suka yawaita, sana'ar Mai Kunne ta sami sabuwar ƙofa. Direba yana can wata uwa duniya, ya ji motarsa ta canja murya, sai ya ɗaga bonet, ya kara waya ya ɗauki ƙarar injin ya turo. Mai Kunne ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota da ke ƙarƙashin rumfa, ya cusa 'yan fararen iyafis ɗin da suka zo da wayarsa a kunne, ya saurara, ya yanke hukunci: taho, ko kashe ta ka jira. Shekara uku ana haka ba a sami matsala ba.

Sai maganar tifa ta zo. Direbanta mutuminsa ne, shekara goma sha biyar ba ya kai motarsa ko'ina sai wurinsa. Wata safiya ya turo ƙara daga inda ake haƙar yashi, ya haɗa da cewa, "Maigida, kamar ina jin wani abu." Mai Kunne ya saurara sau biyu, ya ce masa ya yi lodinsa ya taho, tsoro ne kawai yake damunsa. Direba ya yi lodi. A tsakiyar hawa injin ya buga, ƙarfe ya fasa jikin injin ya leƙo waje, baƙin mai ya malale titi. Janyo ta aka yi da sarƙa, aka ajiye a tsakiyar garejin kowa yana gani.

Abin da ya fi ƙona wa Mai Kunne rai shi ne babu wanda ya ce masa uffan. Da zagin sa direban ya yi, da ya fi masa sauƙi, don ya san yadda ake rama zagi. Amma mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya wuce wurin ƙanin. Sauran direbobi ma haka. Sai su durƙusa su ce "Barka da aiki, Maigida," su zarce inda kwamfuta take. Munafukai! Kwana tara wayarsa ba ta karɓi ƙarar inji ko ɗaya ba. Rana ta goma ƙanin ya zo ya tsaya a kansa yana murza tsumma a hannu.

"Yaya, da ka daure ka je an duba maka kunnen nan. Ba wani abu ba ne, shekaru ne."

Kai! Ranar har masu faci na tsallaken titi sai da suka miƙe tsaye. Mai Kunne ya ce shi za a kai asibiti? Shi da ya koya wa wannan riƙe sifana tun yana zubar da majina? Ya zaro iyafis ɗin daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya ce ga mai laifin nan. Abu kamar ƙwayar magani, sautinsa siriri kamar kukan sauro, ta yaya zai ɗauko muryar injin tifa? Ciwon da ke kashe inji daga ƙasa yake tasowa, can cikin cikinsa, bugu ne mai kauri, kuma wannan tarkacen ya haɗiye shi. Ya jefa su cikin bokitin baƙin mai, ya rantse sai ya nemo abin saurare na gaske, ya ji bugun nan da kunnensa, ya tara su duka ya nuna musu.

Da rana tsaka ya shiga layin masu sayar da kayan waya, har yanzu yana huci. A shagon farko ya ce yana son hedifon mai kaurin sauti. Mai shagon ya ce, "Au, mai bes? An gama, Baba," ya sauko masa da wani jan abu mai fitilu suna walƙiya ta kowane gefe. Mai Kunne ya kalli abin, ya kalli mutumin.

"Ka dube ni da kyau. Na yi maka kama da motar talla?"

A na biyu aka ɗora masa wani ƙato kamar tukwane biyu, da rubutu ɓaro-ɓaro a jiki, kafin ya yi magana an sakar masa kiɗa har haƙoransa suna rawa. Ya fizge shi ya ce shi ba rawa ya zo yi ba. A na uku aka ba shi mai kunnuwan kyanwa a sama, wai shi ake yayi. Wannan kam tsaki kawai Mai Kunne ya ja ya fita. Wallahi abin da ciwo. Mutum ya zo neman kayan aiki, a riƙa ɗaukar sa kamar wanda tsufa ya ruɗa yana son komawa saurayi. In ya shiga gareji da abu mai walƙiya a ka, ai ya gama ba direbobi abin dariya na shekara.

Can ƙarshen layin, a wani matsattsen shago da ke ƙarƙashin bene, ya tarar da wata mata tana jera caja. Ita ce ta farko da ta bar shi ya gama magana. Ya lissafa mata yana nuna ta da yatsa kamar ita ta yi masa laifi: baƙi, ba fitila, ba rubutu. Mai waya, wanda za a soka a jikin wayar hannu, don shi ba zai zauna jiran caji direba yana tsaye a daji ba. Ya rufe kunne ruf, saboda ƙarar guduma. Ya naɗe ya shiga aljihu. Sannan ya fito da kaurin sauti yadda yake, ba ya ƙara masa gishiri ba.

"Baba, zauna tukuna," ta ce, ta tura masa kujera. Ta sunkuya ta jawo wani kwali daga ƙasa, ta hure ƙurarsa. "Wannan ba mai kallon sa, don ba shi da kwalliya. Wace waƙa zan sa maka?"

"Waƙata tana wurina."

Ya soka, ya ɗora a ka, ya nemo saƙon direban tifa ya danna. Sai ga injin ya cika masa kai, kamar yana tsaye a gabansa. Bai taɓa jin inji haka a waya ba. Ga gurnanin ƙasan nan, ga numfashin salansa, ga fistan shida suna bin juna. Ya rufe ido yana jiran bugun. Saƙon ya ƙare. Ya sake sawa, ya danne hedifon ɗin da tafin hannu biyu. Ya sake, ya sake. Babu bugu. Injin lafiya lau yake tafiya.

Sai wani sabon fushi ya taso masa, har da daɗi a ciki. Ashe ba iyafis ba ne, ba kuma shi ba ne! Direban ne bai iya kara waya ba, sakarai, ya ɗauko abin da babu komai a ciki ya ja masa zubewar mutunci. Ya cire hedifon ɗin ya miƙa wa matar.

"Ungo, 'yata. Ke da ba ki san inji ba, saurara ki zama shaida. Kin ji wani abu ban da gurnani?"

Ta gyara ɗankwali ta ɗora. Ta kunna saƙon, tana saurare. Can ta ɗan karkata kai.

"Gurnani ne kam. Sai dai wannan ɗan sirin da ke sama."

"Wane siriri?"

"Kamar ana buga cokali a bakin kofi. Tun daga farko yake yi. Ga shi nan ma." Ta ɗauki biro ta fara buga tebur a hankali, tana bin abin da take ji. Ta buga, ta buga, ta ɗan yi sauri lokacin da direban ya taka totur, ta koma.

Mai Kunne ya zuba wa biron ido. Bai ji ƙarar biron sosai ba, amma ya ga tafiyarsa, kuma tafiyar nan ya san ta kamar yadda ya san muryar matarsa. Baƙin mai ne ba ya hawa sama, ƙarfe yana cin ƙarfe. Abin da ko a mafarki aka buga masa zai ce a kashe mota yanzu-yanzu. Ya karɓi hedifon ɗin ya mayar, ya ƙure sauti har ƙarshe. Gurnani kawai, mai kyau, mai kauri, babu cokali babu kofi.

Ya sauke hedifon ɗin daga kansa. Ya nemi wanda zai zaga ya rasa. Ya ji haushin matar, ya ji haushin biron, ya ji haushin injunan da ya yi shekara arba'in yana manna musu kunne suna cinye shi kaɗan-kaɗan bai sani ba. Ya ji kunya kuma, irin wadda ba ta da wurin ɓuya.

"Baba, bai yi ba ne? In kawo wani?"

"Ya yi," ya ce. "Sa min a leda."

La'asar ta yi lokacin da ya koma gareji. Ƙanin yana tsaye da wani direban tirela, sun kara waya a kunne suna sauraron ƙarar da yaron motar direban ya turo daga hanya, inda kwamfuta ba za ta kai ba. Da suka gan shi sai suka sauke wayar. Mai Kunne ya zo ya warce wayar, ya soka hedifon ɗin, ya tsaya da shi a hannu kamar zai ɗora a kansa. Sai ya cusa wa ƙanin a ƙirji.

"Sa. Rufe ido, ba kallo ake yi da shi ba."

"Yaya, ni ai ban iya…"

"Na ce ka iya? Wa ya ce ka iya?" Ya ɗauko sifana ya danƙa masa, ya jawo wani tsohon murfin giyar mota da ƙafa ya ajiye a gabansa. "Duk abin da ka ji, ƙarami ko babba, ka buga min shi a nan yadda yake tafiya. Kada ka yi min fassara, ba ka da kan yin ta. Kai ka ji, ni in faɗa. Ni na daina ji."