Kawuna da Littafin Matan Rumfa

Ban taɓa son kawuna ba, kuma rasuwarsa ba ta sauya mini ra'ayi ba. Yayan mahaifiyata ne, dillalin wake da gyaɗa a Cadakori, mutum mai faɗin murya wanda ko gaisuwa zai amsa sai ka ji kamar umurni yake bayarwa. Shekarun da soja suka ja da baya, jam'iyyu suka ɓarke ko'ina, shi ma ya samu tasa. Ya ɗinka babbar riga, ya haddace kalmar 'yanci, ya riƙa yawo da ita kasuwa-kasuwa kamar shi ya ƙago ta.

Ni a lokacin na bar lakol, wato makarantar boko, an ba ni rumfar zana in koya wa matan aure karatu da rubutu da Hausa. Takardun da aka aiko mana daga buro, ofishin hukuma, duk kan wanke hannu ne da yadda ake adana wake. Matan da suka tsufa suna adana wake ba su ga abin da zai zaunar da su ba. Su zo, su yi hamma, su ce sun bar tukunya a wuta. Kafin wata biyu rumfar ta kusa zama tawa ni da awakin maƙwabta.

Wata mai sayar da atamfa da turare, wadda ke saro kaya daga Katsina, ita ta cece ni. Ta zaro wani ɗan littafi mai laushin bango daga cikin ɗaurin kayanta, ta ce matan can sun haukace a kansa. Labarin soyayya ne, kashi-kashi yake fitowa, kowane kashi ya yanke daidai inda rai ke so. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, akwai zancen ɗaki a cikinsa, kuma marubuciyar ba ta ja labule sosai ba. Akwai wuraren da sai na rage murya, matan su matso, wata ta rufe fuska da gyale tana leƙe ta gefe. Rumfa ta cika. Da na ce duk mai son jin ci gaba sai ta karanta layi biyu da bakinta, sai ga haruffan da suka gagare su wata da watanni sun zauna daram.

Wadda ta fi kowa naci ita ce uwargidan kawu, wadda muke kira Inna. Mace ce mai sanyi, ta haura hamsin, tana bin layi da ɗan yatsa, leɓenta na motsi. Na lura ba inda sauran ke shewa take tsayawa ba. Wurin da take sa ni maimaitawa kullum shi ne inda mijin cikin littafin ya dawo daga tafiya, ya zauna kusa da matarsa, ya kira sunanta, ya tambaye ta ko ta gaji. Na tsokane ta na ce, "Inna, duk daɗin da ke gaba, nan kika maƙale?"

Ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, wancan na gaba kowace mace ta san shi, ko da daɗi ko babu. Amma namiji shi zamna, shi kira ki da sunanki, shi jira amsa, wanga shi na ban taɓa gani ba."

Na ce ai kawu ma yana da baki. Nan take ta kare shi. Ta ce ita ce ta fari, kuma mutumin kirki ba ya kama sunan matarsa ta fari, kunya ce da girmamawa. Tun da aka kawo ta gidansa "ke" yake ce mata, ko "uwar yara", kuma ita ta san abin da ke ƙarƙashin wannan shirun. Ta faɗa da irin natsuwar wadda ta daɗe da shirya amsar.

Kawu ya shigo rumfar wata rana da la'asar don ya koya wa mata yadda za su jefa wa jam'iyyarsa ƙuri'a. Ya iske littafin a kan tabarma. Mutumin da ya wuni yana ihun 'yancin faɗin albarkacin baki ya ɗauke shi da yatsa biyu, ya fita da shi gindin bishiyar bedi inda maza ke zama, ya buɗe daidai wurin da ya fi nauyi, ya karanta da ƙarfi yana ƙanƙance murya irin ta mata. Maza suka yi ta dariya, har da waɗanda na san sun kasa kunne fiye da kima. Mu muna cikin rumfa muna ji, ba wadda ta iya kallon 'yar'uwarta. Da ya gama ya miƙa wa mai tsire ya ce ya naɗe nama da shi. Ya leƙo ya ce wa Inna, "Ke, tashi. Ƙahwarki kar ta sake takowa nan."

Na tsane shi a ranar, tsana mai tsabta wadda ba ta gauraye da komai ba. Inna kuwa ta naɗe tabarmarta ta bi shi, washegari ma ta aiko mini da fura, wai kada in riƙe shi a zuciya, haka maza suke.

Da zaɓe ya matso aka turo wani baƙo daga Maradi ya raba katin zaɓe a ƙofar gidan mai gari. Kawu ya kwaso matan unguwa ya jera su a bayansa, don a ga shi ke da su. Ni ina gefensa, ya sa ni in taya shi duba takardu. Baƙon ya tambayi sunan uwargida don ya nemo katinta. Kawu ya ce, "Uwar yara." Baƙon ya ce ba a rubuta haka a kati. Kawu ya gyara hula, ya yi tari, ya dubi sama. Sai ya sunkuyo kunnena ya ce a hankali, "Ke, mi as sunanta ma?"

Na dube shi da kyau. Na san fuskar mai jin kunya, na kuma san fuskar wanda ke lalube a cikin kansa bai samu komai ba. Na ɗaga murya yadda ya ɗaga tasa a gindin bedi, na ce, "Kawu, in ka manta sunanta, ga ta nan bayanka, tambaye ta."

Inna ta fito daga layi, ta faɗa wa baƙon sunanta da na mahaifinta, ta karɓi katin, ta kai shi kusa da ido ta bi haruffan da yatsa. Ba ta dubi kawu ba.

A hanyar gida ta jira ni har na cim mata. Na zaci godiya za ta yi. Ta ce, "Ɗiyata, da kin raɗa mishi. Shekara talatin ina cewa kunya ta hana shi."

Dangi sun daɗe suna cewa ni na yi rashin ladabi, mahaifiyata ma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Har yau ban karɓi wannan laifin ba, ba ni na manta ba. Kawu ya ci gaba da taronsa da babbar rigarsa, ko a jikinsa.

Bayan damina mai atamfa ta kawo kashi na ƙarshe. Na ɓoye shi cikin zane na kai wa Inna lokacin da kawu ya tafi kasuwa. Na iske ta tana ɓarar gyaɗa. Na buɗe, na ce yau ita za ta karanta, ni in saurara. Ta dubi bangon, ta ture shi da bayan hannu, ta jawo ƙwaryarta. Ta ce in mayar wa yara, ita ta gama da shi.