Mushe Kyari da Lallen Ya Falmata

Kullum da safe Mushe Kyari, kamar yadda muke kiran malaminmu, kan turo kekensa cikin lise, makarantarmu ta sakandare, ya jingine shi jikin bishiyar bedi, ya shiga aji ya rubuta tambaya ɗaya a allo kafin ma ya amsa gaisuwarmu. Falsafa yake koya mana, mu ƴan ajin ƙarshe. A jami'a falsafa da kwamfuta ya haɗa, ya yi shekaru yana bin abu guda: in na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta yanke hukunci ta cuci mutum, wa za a kama? Masu shago ƴan Damagaram sukan tsokane shi, wai ya karanto kwamfuta amma ko waya ba ya gyarawa, sai tambaya kamar ɗan sanda. Yakan yi murmushi ya wuce.

Da hutun bara wata ƙungiyar agaji ta ɗauke shi ya kula da na'urar rabon abinci ga ƴan gudun hijira a Gagamari. Mutum ya ɗora yatsa, na'ura ta gane shi, a ba shi buhu. Ran nan layi ya kawo kan Ya Falmata, dattijuwar da ta tsallako kogin Komadugu da jikokinta tun farkon rikici. Ɗiyarta ta haihu, an yi suna, tsohuwar ta sha lalle har ya yi baƙi ƙirin, ga yatsun da tsinkar tattasai ta riga ta cinye. Ta ɗora, na'ura ta ƙi. Ta goge a zane ta sake, ta ƙi. Sai na'urar ta sa mata alamar mai neman cin rabon wani, ta rufe rabon gidanta gaba ɗaya.

Babakura, mai gadin layi, shi ya ba ni labarin. Ya ce tsohuwar ta miƙa wa Mushe tafukanta tana cewa, "Ɗana, ni ce fa. Lalle ne kawai, suna muka yi."

Mushe ya kira mai unguwa da matan da suka ci sunan, duk suka shaide ta. Ya ba ta buhunta da hannunsa, ya aika bayani ofis. Ofis ya ce ba su suka rufe ta ba, na'ura ce. Masu na'urar, can wata ƙasa, suka ce su ƙera ta kawai suka yi. Da shugaban rabon ya zo ya faɗa masa ya karya ƙa'ida, Mushe ya tambaye shi wa zai je ya gaya wa jikokin Falmata cewa ba kowa ne ya hana su abinci ba.

"Nan ba aji ba ne, Mushe," in ji shugaban. A ranar aka karɓe na'urar daga hannunsa.

Lalle ya kode, alamar ba ta kode ba. Ya Falmata ta yi ta zuwa tana komawa hannu wofi. Mushe ya yi ta taka keke daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na cewa ya dawo wani mako. Da ruwan kogi ya janye ta kwashi jikokinta ta koma tsallake, garin da ta gudo daga cikinsa. Har yau babu wanda ya ji ɗuriyarta.

Da aka koma karatu ya shigo a rame, ya rubuta a allo: Wa ya kori Ya Falmata?

Mushe, ban taɓa rubuta wani abu don mutane su karanta ba, amma na ga ba wanda ya ce maka sannu. Kai ne ka dubi fuska lokacin da kowa ke duban gilashin na'ura. Kai ne aka yi wa dariya don kana tambaya, sannan aka kore ka daga wurin rabo don tambayar ta fito daga aji. Ba ka ci nasara ba, kuma ba zan rubuta cewa ka ci ba. Mun gode duk da haka, Allah ya saka maka.

Ku kuma da za ku zauna bayan irin wannan na'ura gobe, da yawanku ƴan ajinmu ne. In ta ce ba ta san tsohuwa ba, ku ɗaga kai ku dube ta kamar yadda Mushe ya yi. Ku tambaye ta sunanta, ku tambaye ta wa ya haihu.