Albasar Ungozoma

Ko a tsakiyar kasuwa nake, in warin ruɓaɓɓiyar albasa ya bugi hancina sai na tsaya cak. Mutane su yi ta toshe hanci suna wucewa, ni kuwa in ji na koma 'yar shekara goma sha ɗaya a wani gidan ƙasa a Shagari, da buta a hannuna. Kai mai karatu, kada ka yi tsammanin labarin yarinyar kirki zan ba ka. Mugunta na yi da gangan, wata uku ina shirya ta, kuma ranar da na yi ta na ji daɗi har cikin raina.

Mu Kirista ne, aiki ne ya kawo iyayena daga ƙasar Zuru. Mama tana karɓar haihuwa a asibitin garin, Baba kuma malamin makaranta ne a Bodinga, sai ƙarshen mako yake dawowa a kan mashin ɗinsa. Duk unguwar mu kaɗai ne ba Musulmi ba, amma ban taɓa jin haka a jikina ba. Ranar Sallah kwanukan tuwo da nama su cika mana ɗaki har mu rasa inda za mu ajiye. Ranar Kirsimeti kuma mu rama. Akwai ƙa'ida ɗaya da Baba ba ya wasa da ita: in ya sayo bunsurun Kirsimeti, ba ya sa masa wuƙa da hannunsa. Mahaucin unguwa ake kira da sassafe ya yanka, domin maƙwabta su ci da kwanciyar hankali. Babba da yaro kowa ya san haka muke yi.

Muna tare da Kaka, mahaifiyar Mama. Ita sai da ta manyanta ta karɓi Yesu, bayan ta binne 'ya'ya huɗu, ta gama zagaye bokaye ba ta samu abin da ya sanyaya mata zuciya ba. Takan ce wata mata ce ta zo ta zauna da ita kwana da kwanaki, ba wa'azi ba komai, sai taya ta kuka da addu'a, har ta ji nauyin ya sauka. Shi ke nan ita ma ta mayar da wannan aikinta. Duk gidan da aka yi rasuwa a unguwar za ka tarar da Kaka a can, ta miƙe ƙafafu a tabarma, tana tsince wa mutane shinkafa. Ba ta iya karatu ba, ni ce mai karanta mata maganar Allah da yamma, tana gyaɗa kai tana gyara mini inda na yi tuntuɓe, don ta riga ta haddace. In tana daka waƙoƙin sujada take yi, da muryar nan tata mai kaushi. Wannan kwanciyar hankalin nata yana ba ni haushi wani lokaci, don ni tun ina ƙarama ban iya barin ta-kwana ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da tsohuwar ungozomar unguwa. Kafin zuwan Mama, kusan duk yaron da ke yawo a unguwar nan ita ta yanke masa cibiya. Da matan suka fara bin Mama asibiti, sai ɗan sabulu da turmin zanen da take samu suka ja baya. Ba ta taɓa fitowa ta yi faɗa ba. Gaisuwa ce dai ta koma amsawa a ciki-ciki, in ta ga farar rigar Mama a kan igiya ta ja tsaki.

Kirsimetin shekarar nan mahauci ya zo tun kafin rana ta fito, ya yanka bunsuru a bayan gida, ya feɗe, ya wuce cin kasuwa wajen Kajiji. Muka dawo daga sujada a Bodinga, Mama ta zuba shinkafa da miya a kwanuka goma sha ɗaya, nama tsoka uku-uku a sama. Ni na kai su, cikin sabuwar rigata, gida-gida ana sa mini albarka. Ban gama cin nawa abincin ba sai ga kwano na farko an dawo da shi, a rufe, ko taɓawa ba a yi ba. Sai na biyu. Kafin la'asar goma sha ɗayan nan sun jeru a ƙofar ɗakin Mama. Wata maƙwabciya mai kunya ce ta zo da kanta, idonta a ƙasa, ta faɗa mana dalili: ungozoma ta bi gidaje tana rantsuwa cewa ta leƙa ta kan katanga, ta ga Baba ne ya yanka da hannunsa.

Mama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ina jin kukanta. Baba ya zauna a kan turmi. Kaka kuwa ta ɗauki kwanukan ɗaya bayan ɗaya ta juye a babbar tukunya, ta ce a ɗumama, akwai direbobi a bakin titi da ba su ci komai ba. Ni na ƙi ɗauka. Na cire sabuwar rigar na jefar a bayan randa, ban ƙara saka ta ba har ta yi mini kaɗan.

Bayan kwana biyu mahauci ya dawo ya ji labari, ransa ya ɓaci, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa kowa shi ya yanka. Maƙwabta suka yi ta shigowa ba da haƙuri, har da mai kawo mana fura. Ungozoma ce kaɗai ba ta zo ba. Da aka tambaye ta, cewa ta yi wataƙila idonta ne, tsufa ya kama shi. Wannan amsar ta fi ƙaryar farko ƙona mini rai. Da yamma ina karanta wa Kaka wurin da ake maganar gafara, bakina yana karatu, zuciyata tana lissafin abin da zai sa tsohuwar nan kuka irin wanda Mama ta yi.

Ban daɗe ina nema ba. Ungozoma tana da ɗan fili a fadama, kowace rani ɗanta yana noma mata albasa. In an cire, ba ta sayarwa nan take, don lokacin araha ne. Sai a jera ta a rudu, wato gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa aka lulluɓe da ciyawa, ta yi ta shan iska har damina ta kusa, albasa ta yi tsada. Duk ɗan garin nan ya san abu ɗaya ne albasar rudu ba ta so, shi ne ruwa. In guda ta jiƙe a tsakiya ta ruɓe, sai ta ja na kusa da ita, ba za a gane ba sai wari ya fito. Rudun ungozoma kuwa a jikin katangarmu yake, daidai inda ta ɗan zube.

Na jira sanyi ya wuce, na jira aka kawo albasar a kan jakuna, na jira zafin bazara ya kama sosai. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa, kaji ma sun buɗe baki suna haki, sai in cika buta daga randarmu, in taka tubalin da na ajiye, in buɗa ciyawar da hannu, in tura bakin butar can ciki in tsiyaye ta tas. In mayar da ciyawar yadda take. Sau biyar na yi haka, kowane lokaci wuri daban. Kowace buta ina kiran kwanukan nan a zuciyata. Ban ji tsoro ba, ban ji kunya ba. Har addu'a nake yi kada a kama ni kafin aikin ya nuna.

Ya kuwa nuna. Wata safiya muka ji salati daga bayan katanga. Ungozoma ta yaye ciyawar, ta tarar tsakiyar rudun ya zama baƙin ruwa, ƙudaje sun yi dandazo. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Na leƙa na gan ta, na koma bayan ɗaki na yi dariya har da riƙe ciki.

Ina juyowa na ga Kaka tsaye. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ruwan randar nan yana saurin ƙarewa a 'yan kwanakin nan." Ta ɗauki manyan faifai biyu, ta miƙa mini ɗaya, ta ce in biyo ta.

Kwana uku muka yi a gidan ungozoma muna tsince mai rai daga cikin ruɓaɓɓiya. Hannuna ya yi ta saɓulewa cikin yauƙi, warin ya shiga gashina, ya shiga abincina. Ina aikin ina cika ina batsewa, don a ganina Kaka ta ɓata mini nasara. Abin da muka ceto bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan na ji ungozoma tana faɗa wa Kaka cewa da kuɗin albasar nan ta yi niyyar sake rufin ɗakinta kafin ruwa ya sauka, don azarar ta ciwu. Na ce a raina ya yi kyau, ruwa ya ci ta.

A rana ta uku, hannunta cikin albasa, ba tare da ta ɗago ba, tsohuwar ta ce wa Kaka, "Yaya, ranag ga ban ga komi ba. Ƙarya niy yi. Haushin ɗiyakki ad da ni." Kaka ta ce ta sani, kuma tun ranar ta yafe, don ita ma abin da aka yafe mata ya fi wannan yawa. Ungozoma ta share ido da gefen zane. Sai ta juyo ta kama hannuna mai yauƙin nan, ta ce Allah shi yi mini albarka, yarinya ƙarama ta zo tana wahala a kan kayan wadda ta kunyata ta.

Kaka ta dube ni. Na san abin da take jira. Na buɗe baki, sai kwanukan nan suka faɗo mini a rai, na ce a zuciyata ai ita ta fara. Na amsa da amin, na ci gaba da tsince albasa.

A hanyar gida Kaka ta ce, "Ni ba zan faɗa ba. Bakinki ne." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Shekara biyu bayan ruɓewar albasar nan aka yi wa Mama canjin wurin aiki, muka tashi.

Na girma ina zuwa sujada kamar kowa, har na shiga ƙungiyar mawaƙa, amma irin natsuwar nan ta Kaka ban same ta ba. Sai da na haura talatin, ranar da na durƙusa na faɗa wa Ubangiji abin da na yi ƙarara, ba kwana-kwana, ba "ai ita ta fara", sannan na ji abin da tsohuwar nan take nufi da nauyi ya sauka. Tun daga nan nake ba da wannan labari a zumuntar mata. Sukan yi dariya wajen butar, su yi shiru wajen amin ɗin.

Bara na ce labari a gaban mata bai isa ba, na hau mota zuwa Shagari. Garin ya canza. Gidajen ƙasa sun koma bulo, yawancin matan unguwar asibiti suke haihuwa, yaran ma ba su san an taɓa yin wata ungozoma a layin ba. Ta rasu da daɗewa, ɗanta ma haka. Jikanta na tarar, magidanci da furfura a gemu, yana ɗinkin buhunan albasa a zaure. Na gaishe shi, na faɗi ko ni wace ce, na kwashe komai na gaya masa.

Ya ajiye basillar. Sannan ya ce ya tuna daminar nan, don a ɗakinta yake kwana. Ba a samu yin rufin ba. Ruwa ya yi ta zuba a kansu, ita takan lulluɓe shi da zanenta ta zauna a jiƙe, kuma daga shekarar ne tari ya kama ta, bai sake ta ba har ƙarshe. Ba cikin fushi ya faɗa ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi.

Na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce, "Nawa na yahe miki, baiwar Allah. Nata kau, ita yak kamata ki tambaya."

Na san Ubangiji ya gafarta mini, ba na shakkar wannan. Amma yanzu in na tsaya a gaban mata, na daina kai labarin wurin tubana, inda suke tafa mini. Nakan tambaye su ko wadda su ma suka taɓa zuba wa ruwa a rudu tana da rai. In sun ce tana nan, sai in ce su tashi su tafi yau, sauran sujadar za mu ƙarasa ba da su ba.