Hajiya Baiwa, Mai Duban Gabas

Duk safiya, kafin ta buɗe ɗakinta a asibitin Matameye, Hajiya Baiwa ungozoma takan tsaya ta dubi gabas. Mu masu sharar tsakar asibitin mun daɗe muna zaton addu'a take yi. Ashe hadari take duba.

Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, wata mai zuwa kuma za ta ajiye aiki. Ta san cewa da ruwan farko mazan da suka tafi cin rani suke dawowa, ba sanarwa. Ta kuma san kuskuren matansu masu ƙuruciya: miji na tafiya a ajiye ƙwayar tazarar haihuwa, sai ranar da ya sauka a haɗiye guda, a ce an tsira. Shi ya sa da gajimare ya fara taruwa takan rataya jaka ta bi gidaje, har ƙauyukan Dungu da Kurni.

“'Yata, ƙwaya ba laya ba ce,” haka take ce musu. “Kullum ake sha, kuma a fara tun da sauran mako.”

Bara ta je wurin Basira, wadda aka yi wa tiyata a haihuwar fari, likita ya ce in ta ɗauki ciki kafin shekara biyu tana iya rasa ranta. Basira ta fara sha. Mijinta Munkaila ya dawo daga Legas ya tarar da katin ƙwayar, gurbi tara babu kome. Ya taho asibiti da shi a hannu, ita tana biye tana kuka, kayanta an riga an ɗaure.

“Hajiya, ba na gari. Don wa take sha?”

“Don kai, sarkin gaggawa. Zauna. Da hannuna na kai mata, yau kwana tara. Kai ranar da ruwa ya sauka kake fara sharar gona?”

Ya zauna. Hajiya ta ci gaba:

“Wata bakwai ka yi a waje, ban tambaye ka kome ba. Ga ɗakin gwajin jini can, ku shiga tare. Kwaroron roba kuma yana cikin kwandon nan, ba na kallon mai ɗauka.”

Suka shiga. Da yamma aka kwance kayan Basira.

Hajiya, ke ce ba ki taɓa ɗaga murya kan saurayi ko budurwar da suka zo da tambaya suna sunne kai ba. Ke ce abin da aka faɗa miki ba ya ƙetare ƙofarki. Wannan labarin ma sai da masu shi suka ce in rubuta.

Bana, tun hadari bai haɗu ba, Munkaila ya bugo wa Basira waya: “Nan da kwana goma ina tafe. Ki leƙa Hajiya.”

Mun gode, uwar masu kunya. Allah ya ba ki hutu cikin lafiya. Wadda za ta gaji ɗakin nan, da duk mai ƙanwa ko ƙane a gida, kada ku jira sai sun tambaya. Ku riƙa duban gabas.