Ni Ne Ƙafar Onarabul

Sunana Maharazu, amma daga Jibiya har Maraɗi in ka ce Maharazu sai an tambaye ka wanne. Ka ce Wakili kawai, ko awakin gari sun san ni. Shekara goma sha biyar na yi ina wakiltar Onarabul Zunnuraini, ɗan majalisarmu na jiha, wurin gaisuwar mutuwa. Aikina ke nan, ba ni da wani. Yi dariyarka, ni a lokacin ko da kujerar kansila ba zan musanya shi ba.

A Daddara aka haife ni. Na gwada noma, fartanya ta ƙi ni. Na koma sayar da fetur a galan a bakin iyaka, jandarmomin Nijar suka koya mini gudu. Lokacin Zunnuraini hatsi yake aunawa a kasuwar Jibiya, a inuwar rumfarsa nake hutawa, kwano ɗaya muke sa hannu. Sau nawa ya bi ni Daddara ya ci tuwon mahaifiyata, Inna Mariyamu, har ya suɗe kwano.

Da ya ci zaɓen farko ya koma Katsina, bai daɗe ba ya gano halin mutanenmu. Za su yafe maka rijiyar da ka yi alkawari ba ka haƙa ba, amma ka ƙi zuwa ta'aziyyar ubansu ka gani. Shi kuwa ƙafa biyu Allah ya ba shi. Sai ya ɗinka mini farar babbar riga, ya saya mini babur, ya ce daga yau ni ne ƙafarsa ta uku. Ni kuwa, uban 'yan son a sani, na karɓa hannu bibbiyu.

An ce a zauren majalisa ba a cika jin muryarsa ba sai wurin goyon bayan maganar wani. Oho, wannan ba ruwana. Sau huɗu yana cin zaɓe, sau biyu yana sauya jam'iyya, ni ko riga ban sauya ba. Kuma na iya aikina. Tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa gaban babban gida, in riƙe hannunsa in ce Onarabul ya so ya zo da kansa, zaman majalisa ne ya riƙe shi, ya ce a gaya muku mutuwar nan tasa ce. Ba na gaisuwar tsaye in wuce. In na tarar ba a kai ba, da ni ake ɗaukar makara, kuma sai an yi addu'ar uku nake naɗe rigata. Rabin masu zaɓenmu danginsu na tsallake, saboda haka har Ɗan Isa da Maraɗi nake zuwa. Ko shekarun da aka rufe iyaka, ta cikin gonaki nake ratsawa, riga a ɗaure a ƙugu.

Matata Hassana ce kaɗai ba ta ganin girman muƙamin. Kullum sai ta tambaye ni, ranar da abin ya zo gidanmu wa za a aiko, tunda ni ne ɗan aiken. Ni kuwa in hau ta da faɗa, in ce ranar nan Onarabul da ƙafarsa zai tako, har da jiniya, za ta gani. Inna ma takan tambaya yaushe yaron nan mai son miyar kuka zai leƙo ta. In ce mata yana hanya. Shekara goma sha biyar yana hanya.

Bara da damina Inna ta rasu, ranar Talata da hantsi. Na kira Onarabul bai ɗauka ba, na tura saƙo shiru. Na ce wa kaina ai babban mutum ba ya sanarwa, sai dai a gan shi. Ranar addu'ar uku na aro kujerar kushin na ɗauko ta a bayan babur, na kafa ta ƙarƙashin bishiyar bedin ƙofar gida, na gaya wa yayana Uwaisu kada kowa ya zauna, ta Onarabul ce.

Jama'a kuwa ba masaka tsinke. Mutanen Bugaje a babura, na Ɗan Isa cikin mota guda, har da tsofaffi daga Maraɗi. Ni sakarai ina cewa a raina labarin zuwan Onarabul ne ya bazu.

Ana shirin fara addu'a sai wayata ta yi ƙara, na ga sunansa. Don dai Allah ya so ya nuna mini iyakata, sai na miƙe tsaye na buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Wakili, kana ina?" in ji shi. "An ce an yi babbar mutuwa a Daddara, wata tsohuwa, jama'a har daga Nijar. Ban san gidan wa ba ne, amma maza ka je ka gaishe su, kada 'yan adawa su riga mu."

Bakina, da ya saba, ya riga ni magana: "To, ranka ya daɗe."

Na shiga gida. Na zaci Hassana za ta ce ai ta faɗa, amma ko ɗaga kai ba ta yi ba, kuka take. Wallahi ban san me ya hau kaina ba, na ɗauko rigar na zura. Na fito, na tuɓe takalmi daga nesa, na durƙusa gaban Yaya Uwaisu na kama hannunsa. Na ce Onarabul ya so ya zo da kansa. Na ce zaman majalisa ne ya riƙe shi. Da na zo wurin cewa mutuwar nan tasa ce, maganar ta maƙale. Sau dubu na faɗa wa mutane ita, sai ranar na ji yadda take a kunne. Na fashe da kuka, ƙato da gemu, a gaban gari.

Wani tsoho ya taso, Malam Manu na Ɗan Isa, wanda na je wa gaisuwa shekara shida da suka wuce. Ya dafa kafaɗata.

"Tuɓe rigar nan ka zauna, Maharazu," ya ce. "Mu ba mu san Zunnuraini ba. Kai ka ɗauki makarar ɗana, wurinka muka zo."

Na tuɓe, na zauna a tabarma kusa da yayana. Kujerar kuwa har aka watse kaza ce kaɗai ta hau ta, kuma ni na mayar da ita a bayan babur.

Bayan mako biyu Onarabul ya ji, ya kira ya ba ni haƙuri, ya ce yana nan tafe. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Yanzu yana neman karo na biyar, na ji ya samo wani Hussaini ya ɗinka masa riga. Ni har yau ina zuwa ta'aziyya, don ƙafar ta saba. In na durƙusa aka tambayi wa ya aiko ni, sai in ce ba kowa, ɗan Mariyamu ne na Daddara.