Ƙauyenmu Ruwan Ƙasa Ne

Shekarar da na fara aiki a wani proje na gyaran famfunan ƙauyuka a Zinder, na koyi abu guda a ordinatar, wato kwamfuta, kaina kuwa ya kumbura. Sai ka umarci tablo, wato jadawalin ƙauyukan, ya shafa wa kowane ƙauye launi da kansa, gwargwadon wahalar ruwansa. Mutane suna sa kore da ja su huta. Ni gwani ina! Na ce wannan ƙauyanci ne. Na tsara nawa ya taso daga ruwan ɗorawa, ya bi ta ruwan goro, ya ƙare a ruwan ƙasa, wato inda ƙishi ya fi tsanani.

Ƙauyen innata, can wajen Gafati, shi ya fi kowa duhu. Famfonsu ya mutu, tana ɗibar ruwa a tafki. Na ji daɗi har raina, don na san bana za a gyara shi.

Ranar taron zaɓen ƙauyuka, wakilai sun cika zaure, har da kawuna, yayan inna. Ina kunna tablo wuta ta ɗauke. Shef, shugaban projen, ya ce in faɗa musu da baki. Maimakon in ce famfo ya mutu, sai na gyara murya, don dole a san na sha wahalar launukan nan.

"Wajen Mirriya ruwan ɗorawa ne. Guna ruwan goro. Ƙauyenmu kuwa ruwan ƙasa ne."

Kawu ya miƙe. "Kai ɗan nan! Ruwan namu ne ruwan ƙasa? A gaban mutanen Guna? Wallahi ruwanmu garai yake, kowa ya sani!"

"Kawu, launi nake nufi."

"Launin nake faɗa maka! Fari tas!"

Zaure ya ɗauki dariya. Shef, wanda bai taɓa zuwa ƙauyen ba, ya ce tunda mai wuri ya rantse ruwansu lafiya lau, a kai gyaran ga mabuƙata. Na yi ta bayani, ba mai saurarena. Kunya da haushi suka rufe ni.

Da na je gaida inna, ba ta yi mini faɗa ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗebo ruwan tafki a moɗa ta miƙo. Na leƙa ciki. Daidai launin da na zaɓa, ko ɗigo bai kauce ba.

Ta ce, "Sha mana, ai kai kaɗai ka faɗi gaskiya."