Ranar da Mama Ta Koyi "Although"

Shekara goma ina koyar da Turanci a wata sakandare a Nukkai, amma Mama ba ta taɓa tambayata ma'anar ko kalma ɗaya ba, sai wata Asabar da na je gaishe ta a Abbare. Na tarar da ita a gindin mangwaro tana feraye doya.

"Malama," ta ce. Haka take kirana in tana son wani abu. "Yaya ake cewa 'amma' da Turanci?"

Na ce "but". Ta maimaita sau biyu, ta ci gaba da firar doyarta.

Na san inda maganar ta dosa. Ƙanena ya auri wata 'yar Kalaba a Fatakwal, Mama ta ƙi zuwa bikin. Ta ce me za ta yi da surukar da ba ta jin Hausa, balle yarenmu na Mumuye? Shekara biyu ko a waya ba ta yarda sun gaisa ba. Sai ƙanena ya faɗi a babur ya karye a cinya. Wata huɗu matar nan tana ɗaga shi, tana masa wanka, ga kuma aikinta. Shi ya riƙa ba Mama labari.

"Ina so in yi mata magana," in ji Mama. "Da bakina, ba naki ba."

Na tambaye ta me za ta ce. Ta ce abu biyu ne: ba ta je bikin ba, kuma yarinyar 'yarta ce. Na haɗa mata: "You are my daughter, but I did not come." Ta sa na mayar mata da Hausa, ta girgiza kai.

"A'a. Ya ƙare da mugun abu."

Abin da nake fama ɗalibaina su gane ke nan, cewa abin da ya biyo bayan "but" shi ke zama a kunne. Na kawo mata "however". Ta ce wannan na ma'aikatan gwamnati ne, ya yi mata nauyi. Sai na ce akwai "although", wato "ko da yake": a fara da laifin, a ƙare da abin da ke zuciya.

"Yawwa. Shi nake so."

Harshenta ya ƙi kalmar. "Oldo," take cewa. Muka yi ta dariya har ta ajiye wuƙar ta share ido da bakin zani. Sau shida muna ɗaukar muryarta a wayata. A na huɗu zakara ya ɓata mana. A na shida ta gyara zama, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Oldo I did not come, you are my daughter." Sai ta ƙara da Hausa, "Sannu da jinya, 'yata."

Na tura wa surukar. Ta koma kan doyarta kamar ba ta damu ba, amma duk motsin wayar sai ta ɗago kai.

Ba mu kai ga ɗora tukunya ba aka kira. Surukar ce, tana kuka. Na ji ƙanena a gefe yana raɗa mata kalma ɗaya-ɗaya.

"Mama," ta ce, "na... gode. Ina... zuwa."

Mama ta dube ni. "Ki ce mata ta zo da Kirsimeti. Ki tambaye ta ko tana cin sakwara."